Amsoshin Tambayoyinku: Ina Ne Gonar Inabi Ta Kan Dutse Mafi Kusa Da Illela?

TAMBAYA:  Ni manomin albasa ne a Illela, ina kuma ɗan taɓa fatauci tsakanin nan da Kwanni. Ƙanena da ke karatu a waje ya turo mini hotunan wasu gonakin inabi da aka shimfiɗa a jikin duwatsu, layi-layi, mutane na biyan kuɗi ana zagayawa da su. Da na tambaye shi sai ya ce a nan ake yin giyar inabi, kuma ba a gama zagayen sai an kai mutum ɗakin ɗanɗano. Noman ya ba ni sha'awa, giyar kuma ta tsaya mini a rai. Me ake zuwa gani a irin wuraren nan, kuma me ya sa sai kan dutse? Akwai irinsu kusa da mu da Musulmi zai je hankalinsa kwance? In kuma na dasa inabi a garkata ta wajen Kalmalo, zai yi?

Daga wani mai karatu a Illela, Jihar Sakkwato.

AMSA:  Akwai, kuma hanyar zuwa can ta ƙofar garinku ta bi. Amma bari mu fara da hotunan, don in aka warware abin da ke cikinsu sauran maganar za ta zo da sauƙi.

Abin da ƙanenka ya gani sana'a uku ce a haɗe: gona, da gidan matsa, da shago. Ana fara nuna wa baƙo itatuwan a kan waya, a gaya masa shekarunsu da irin ƙasar. Daga nan sai inda ake matse 'ya'yan a zuba ruwan a manyan tankuna. Ruwan inabi yana da sukari da yawa, a jikin ɓawonsa kuma akwai yis. In aka bar su tare kwanaki, yis ɗin zai cinye sukarin ya mayar da shi barasa, yawanci kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari. Sai a ɗura a gangunan katako a ajiye a ɗaki mai sanyi a ƙarƙashin ƙasa. Zagayen kuwa talla ne. Mai gona ya lura cewa wanda ya taka ƙasar da ƙafarsa, ya ga rana na faɗuwa bayan tsauni, ba ya yin ciniki mai tsanani a kan kwalba. A Afirka ta Kudu masu gonakin Stellenbosch sun haɗa kai tun 1971 suka tsara hanyar da baƙi ke bi daga gona zuwa gona, yanzu kuma kusan duk ƙasar da ke wannan noma tana da irinta.

Maganar dutse ita ce ta manomi, ita ce kuma na ga ta fi cancantar sha'awarka. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi na raguwa da kamar digiri 6. A can sama rana na da ƙarfi da yini, dare kuma ya yi sanyi. Ranar ce ke tara zaƙi a cikin 'ya'yan, sanyin daren ke hana ɗan tsaminsu da ƙamshinsu ƙonewa. Gangare ba ya riƙe ruwa, shi kuwa inabi ba abin da ya ƙi kamar saiwarsa ta kwana a laka. Iskar tsauni tana busar da ganye da wuri bayan ruwa, sai fumfuna ta rasa wurin kamawa. Akwai kuma wani dalili da masu talla ba sa yawan faɗa: ƙasar kwari mai albarka ta alkama ce da sauran abinci, itacen da ke jure tsakuwa shi aka tura sama. A kwarin Douro na Fotugal, wanda aka shata wa iyaka da dokar sarki tun 1756, da hannu aka fasa duwatsu aka gina matakala-matakala don ƙasa ta zauna. A Mendoza ta Ajantina, gindin tsaunukan Andes, ƙasar busasshiya ce, da narkakkiyar ƙanƙarar kan tsauni ake ban-ruwa. Kowane kwari da ɗanɗanonsa, shi ya sa suke sayar da kaya da sunan wuri. Wannan ba baƙon abu ba ne gare ka: ka san irin Galmi in an kai shi wata ƙasa zai yi albasa, amma 'yan kasuwar da suka san kaya za su ce maka ba ta Galmi ba ce.

Game da abin da ya tsaya maka a rai, ba ka yi kuskure ba. Inabi halal ne, zabibi halal ne, ruwansa ma haka muddin bai tsimu ya kai ga sa maye ba. Amma hanin da aka yi a kan giya bai tsaya ga mai sha ba, ya haɗa da mai matsawa da mai ɗauka da mai sayarwa da mai cin kuɗinta, an kuma hana zama a mazaunin da ake zagaya ta. Malaman Malikiyya har sayar da inabi ga wanda ka tabbata giya zai yi da shi sun hana. To zagayen da kuɗin shigarsa ke tafiya aljihun gidan giya, wanda kuma aka tsara shi don ya ƙare a kan kofi, ni ban ga abin da zai kai ka ba. Kuma ko an ajiye hukunci gefe, akwai tarihin da kyan hotunan ya rufe. A Afirka ta Kudu an fara matsa giya a 1659, kuma bayi ne suka yi aikin gonakin, waɗanda aka kwaso daga Madagaska da gabashin Afirka da Indiya da tsibiran Indunusiya, cikinsu har da Musulmi. Bayan an daina bauta sai aka riƙa biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya. Doka ta hana hakan a 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har cikin shekarun 1990, kuma har yau yankin na fama da yaran da aka haifa da lahanin barasar da iyayensu mata suka sha. A Aljeriya, Turawan Faransa sun shuka inabin giya a kadada kusan 400,000 a shekarun 1930, ƙasar ta zama ta fi kowace ƙasa fitar da giya a duniya, alhali masu nomanta da hannu Musulmi ne da aka ƙwace wa ƙasar kakanninsu. Bayan 'yancin 1962 gwamnati ta tuge da yawa daga ciki.

Sai dai kada wannan ya sa ka ɗauka itacen na mashaya ne. Kusan rabin inabin duniya ba ya zuwa gidan matsa. Ci ake yi, ko a shanya. Irin ma daban ne: na giya ƙanana ne masu kaurin ɓawo da ƙwallaye, na ci manya ne masu nama. A Afirka ta Kudun nan akwai kwarin Hex River, tsaunuka sun kewaye shi, aikinsa noman na ci ne da ake fitarwa waje a kwali. Ga kuma Ɗa'ifa, wadda duk ɗan makarantar allo ya ji sunanta. Tana kan tsauni kamar mita 1,800 a gabas da Makka, ta shahara da inabi tun kafin Musulunci, ga kuma rumman da fure mai ƙamshi. A wata gonar inabi ta can Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fake bayan mutanen garin sun jefe shi, masu gonar, Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a, suka aiko masa bawansu Addas, Kirista mutumin Ninawa, da nonon inabi. Akwai ƙaramin masallaci da ake kira da sunan Addas a wajen, masu Umara da yawa kan hau ta hanyar Hada mai lanƙwashe-lanƙwashe su je su gani.

Amma kusa ka tambaya. To ka tsallaka Kwanni, ka bi ta Tsarnawa ka miƙe arewa zuwa Tawa, kamar kilomita 130. Daga Tawa ta Abalak zuwa Agadas kamar 400. Daga Agadas sai ka bar kwalta ka shiga cikin duwatsun Azbin, kilomita 200 da ɗoriya ta arewa maso gabas, sai ga Timiya.

Azbin ba baƙuwar ƙasa ba ce ga mutanen yankinku. Gobirawa na cewa can kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, ya bi malaminsa Malam Jibrilu har Agadas neman ilmi. Kantun gishiri da dabinon Bilma da tsofaffi suka saba saya a kasuwa, raƙuman Azbinawa ne suka kawo su, su koma da gero da tufafi. Mutanen Timiya, Buzayen Kel Ewey, suna cikin manyan 'yan ayarin nan. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wanda ya bar ayari a gida garka yake yi.

Garin yana wani kwari ne da ya haura mita 1,000, baƙaƙen duwatsu na tsaye kansa. Ruwan sama kaɗan ne ƙwarai. Amma in ya sauka kan tsauni a watannin Yuli da Agusta, dutse ba ya sha, sai ya taru ya kwararo ta ƙorama da ƙarfi, ya nutse cikin rairayin kwarin ya kwanta a ƙasa. Wannan ruwan ne arzikin garin. A gefen ƙoramar ake haƙa rijiyoyi, a kafa katakai da gargare a baki, a ɗaura wasaki mai hanci. Raƙumi ko sa ne ke ja, yaro na biye da shi yana kai da komo a kan 'yar hanya. In wasakin ya iso sama sai ya zube da kansa a cikin kututturen da aka fafe, ruwan ya bi ƙananan magudanai zuwa fangali-fangali. Su takarkart suke ce masa. Yanzu injin ban-ruwa ya shiga garake da yawa, ya sauƙaƙa aiki, ya kuma kawo damuwar da kai ma ka sani: inji ba ya gajiya kamar raƙumi, sai ya janye rijiya fiye da abin da damina ta zuba.

Shukar hawa-hawa ce. Dabino a sama yana tare rana. Ƙarƙashinsa lemo iri-iri, da rumman, da ɓaure, da inabi yana yaɗo a kan rumfa ko jikin shinge. A ƙasa kuma alkama da masara da tumatir da albasa da tafarnuwa, kowanne da lokacinsa. A watan Disamba da Janairu dare kan yi sanyin da a wurare masu tsayi har ruwa ke daskarewa, wannan sanyin ne ke ba itatuwan hutun da irinsu ke so, shi ke sa lemon Timiya ya yi launi da zaƙin da 'yan Agadas da Yamai ke nema da sunansa. Kudu da nan akwai tsaunin Bagazam, wanda ƙololuwarsa, mita 2,022, ita ce wuri mafi tsawo a duk Nijar. A kansa akwai ƙauyukan da ke noman tafarnuwa da dankalin Turawa, a gindinsa kuma Tabalot, wadda albasarta ke gogayya da taku a kasuwannin kudu.

Kada in sa maka ran abin da ba za ka tarar ba. Ba za ka ga inabi layi-layi har iya ganinka ba kamar a hotunan ƙanenka. A Timiya lemo ne babba, inabi ɗaya ne cikin itatuwan garka, na ci ne, kuma ba gidan matsa. Amma a ganina manomi zai fi ƙaruwa a can. Gonakin Turai ruwan sama ke shayar da su, akwai banki da gwamnati a bayansu. Mutumin Timiya kuwa damuwarsa irin taka ce: zurfin rijiya, kuɗin mai, ambaliyar da kan zo dare ɗaya ta tafi da rabin garka, da mota mai kai kaya kasuwa kafin su lalace. Da Hausa ma za ku yi magana, don ita ce harshen kasuwa a Agadas, 'yan ayari kuma sun iya ta tun kaka da kakanni. Akwai abin kallo ban da garake: magangarar ruwa da ke zubowa daga dutse kusa da garin, da ganuwar sojan Faransa a kan tudu da ake kira Fort Massu, da kufan tsohon birnin Asode a arewa. A Agadas kuma ga hasumiyar masallacin ƙasa mai tsawon mita 27, wanda aka fara ginawa wajen 1515.

Wurin ya taɓa cin kasuwar baƙi sosai. Turawa na sauka Agadas ta jirgi, a ɗauke su a mota a zaga da su Azbin da Tenere, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1991. Tawayen Buzaye na 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, da satar ma'aikatan waje a Arlit a 2010, su suka kashe wannan kasuwa, 'yan rakiya da maƙera masu sayar da azurfa suka rasa abin yi. Abin na ba ni takaici, don mu maƙwabtansu da muke jin yarensu na kasuwa ba mu taɓa ɗaukar wurin a matsayin inda ake zuwa gani ba. Sai Bature ya tashi daga Faris ya zo, mu kuwa muna da kwana biyu tsakani.

Tafiyar dai ba ta gaggawa ba ce. Kai ɗan iyaka ne, ba sai na gaya maka yadda boda ke rufewa ba: an rufe ta a Agustan 2019 har Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har Maris na 2024, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ka tambayi jami'an iyaka takardun da ake nema a lokacin da za ka tashi, ka riƙe katin allurar shawara. Hanyar Tawa zuwa Agadas ta sha wuya a hannun manyan motoci. Cikin duwatsu kuwa ba a shiga sai da ɗan gari da mota mai ƙarfi, sai kuma an ji ta bakin hukuma a Agadas game da tsaro. Hanya mafi sauƙi gare ka ita ce ta 'yan'uwanka 'yan albasa: dillalan Agadas da Tabalot na hulɗa da na Galmi da Kwanni, a cikinsu za ka sami wanda zai haɗa ka da mai masauki. Ka nufi lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da lemo ya nuna, ƙoramu kuma sun bushe.

In kuwa inabin kansa kake son gani a matsayin sana'a, ba sai ka tsallaka iyaka ba. Ƙaramar Hukumar Kudan ta Jihar Kaduna, arewa da Zariya, wadda hedikwatarta ke Hunƙuyi, ta yi suna da nomansa. Hausawa ne manoma irinka suka kafa rumfunan ginshiƙai da waya, nonon inabi na reto ta ƙasa, 'yan sari na zuwa har gona. Ba tsauni ba ne, amma ƙasar Zazzau ta haura mita 600, ta ninka tudun Illela.

Wannan ya kawo mu garkarka. Zafi shi kaɗai ba ya hana inabi. Ana nomansa a hamadar Masar, da bakin kogin Orange a Namibiya, da Nashik ta Indiya, da arewa maso gabashin Brazil inda ake girbi sau biyu a shekara. Busasshiyar iska ma alheri ce gare shi. Dabarar ƙasashen zafi ita ce, tunda ba sanyin da zai sa itacen barci, manomi ne ke tsara masa lokaci da almakashi. A Indiya suna datse rassa sau biyu: a Afrilu don ya yi sabon jiki, a Oktoba don ya yi 'ya'ya. Daga datsewar 'ya'ya zuwa girbi kamar wata huɗu ne. A wurinku wannan na nufin a datse da ɗaukewar damina, ya yi fure ya ƙulla cikin hunturu, a tsinke kafin zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 ya ƙone 'ya'yan. Wanda ya makara da datsewa ya yi asarar shekara.

Inda abin zai gwada ka shi ne haƙuri da ruwa. Albasa wata huɗu ko biyar ka ga kuɗinka, in ta ƙi ka sake wata shekara. Inabi sai ka yi shekara biyu zuwa uku kana ba shi ruwa da taki bai ba ka abin kirki ba, kuma ba ya san an tashi daga garka. A tsakiyar bazara, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, shi ma yana jira. Rumfa na cin kuɗi, ginshiƙin itace kuma abincin gara ne, sai na kankare ko ƙarfe. Tsuntsaye da zuma da rina za su riga ka sanin ya nuna, don haka sai da raga. Ruwa mai kanwa ko gishiri na ƙona gefen ganyensa, ka duba naka tun kafin ka kashe ko sisi. Kada ka dasa a gindin fadama inda ruwa ke kwanciya da damina, ka nemi tudun garkar mai jigawa-jigawa. Sannan kayan ba sa jira: ba rumbu ko rudu da za ka jibge su ka jira farashi ya tashi, daga tsinka zuwa bakin mai ci 'yan kwanaki ne in ba sanyi. Kasuwar Lahadi ta Illela da Kwanni da Sakkwato za su ɗauke ɗan abin da ka samu da farko, tunda na kwali da ake kawowa daga waje tsada gare shi.

Shawarata ka fara da gindi goma ko ashirin a kusurwar da ta fi samun kariya daga iskar gabas, albasarka na nan tana riƙe da gida. Dashen kuma ka saye shi a hannun manomin da ka ga itacensa da 'ya'ya a kai, ba a bakin titi ba. In Allah ya kai ka Timiya ko Ɗa'ifa, ka ci ka more, amma kada ka ɓoye reshe a jaka ka shigo da shi. Wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa da ya shiga Faransa a jikin dashen Amurka a shekarun 1860 ya hallaka yawancin gonakin inabin ƙasar, ba a tsira ba sai da aka koma yi wa itacen Turai aure a kan saiwar na Amurka. Ka je Kudan tukuna, sau biyu in da hali: da ɗaukewar damina ka ga yadda suke datsewa da idon reshe nawa suke bari, sannan ka koma lokacin girbi ka ga abin da datsewar ta haifar, ka tambayi mai gonar nawa ya kashe kafin ya sayar da kwandonsa na farko.